Jar Saniyar da Na Saka a Garken Yero

Ranar addu'ar bakwai ta mahaifiyarku ina zaune a zaure ina jin Nura yana ba baƙi labari. Wai ni babansu gwarzo ne, wai ya dawo daga tafiya ya tarar an yi wa wani Bafulatani sharri, ko ruwa bai sha ba ya tafi ya tsaya masa, shi ya sa aka kore mu daga Batsari. Mutane suna ta gyaɗa kai suna cewa Allah ya saka da alheri. Na so in tashi in ce masa ya rufe mani baki, amma ranar ba ta wannan ba ce, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka shayar da shi ke nan tun yana ƙarami. Wadda ta san gaskiyar mun binne ta. Yayana Lawal, wanda ya ƙirƙiro rabin ƙaryar, ya riga ta tafiya. Saura ni. To ku zauna ku ji, kai Nura da Rabi da ƙannenku, kada wani ya sake tsayawa gaban jama'a ya yabe ni da abin da ban yi ba.

Abin ya samo asali daga littafi. Ina kwalejin horon malamai, malaminmu na zane ya ba ni wani tsohon littafi mai nauyi, bangonsa ya rabu, cike da zanen Turawan Holan na ɗaruruwan shekarun da suka wuce, irin wanda ake yi da fentin mai. Sauran ɗalibai jiragen ruwa suke nema da mata masu manyan riguna, ni kuwa shanu suka kama ni. Ɗan ƙauye ne ni, a cikin shanun huɗa na tashi, amma ban taɓa tunanin akwai ƙasar da mutum zai zauna wata guda yana zana saniya kamar wata sarauniya ba. Sama ta cinye fiye da rabin allon, ƙasa shimfiɗe ba tudu, ruwa kwance, saniya ta kishingiɗa tana tuƙa, wata mata tana tatsa, hasken la'asar ya kwanta a gadon bayansu. Har ƙudajen da ke bin bijimi sun zana, har kashin da ya yi a ciyawa. Malaminmu ya gaya mana yadda suke aikin. Mai zane zai fita da fensir ya kwafi saniya a wannan gona, tunkiya a waccan, bishiya a wani gari, sa'an nan ya koma ɗaki ya haɗa su wuri guda yadda ido zai so. Ya ce akwai bijimin da aka haɗa daga dabbobi da yawa, ƙahon na wannan, ƙirjin na wancan. Masu saye kuwa 'yan kasuwar birni ne da ba su taɓa kama hantsar saniya ba, suna ratayewa a falo don su ji sanyi a rai. Wannan darasi na haddace shi kamar karatun allo. Abin da bai gaya mana ba, ni kuma sakarai ban tambaya ba, shi ne shanun cikin littafin nan ba su da mai su. Ba wanda zai shiga falon ɗan kasuwa ya ce wannan tawa ce, uban wa ya kawo ta nan.

Da na gama aka tura ni koyar da zane a wata makaranta a Safana, iyali kuwa suna Batsari, inda na buɗe ɗan shago kusa da tasha ina rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Wannan shi ne abinci. Amma Asabar da Lahadi ba a ganina. Sai in ɗaure littafin zanena a bayan mashin in nausa, yau Zakka, gobe Babban Duhu, duk inda na ga saniyar da ta yi mani sai in yi sallama, in nemi izini, in tsuguna a gindin turke da fensir. Mutane suna dariya suna cewa boko ya taɓa Malam Sule, wasu su kawo mani fura, wasu su ce in zana su su ma. A lokacin ba wanda yake tsoron baƙo mai littafi. Na cika littattafai huɗu da shanun mutane, kowace da tabonta da tsagar kunnenta, domin a ganina mai zanen da ya ɓoye tabo maƙaryaci ne. Har alfahari nake da wannan.

Yero Bafulatani ne, rugarsa tana tsakanin Batsari da Safana, a gefen wata fadama a gindin dutse. Ba baƙo ba ne. Ubansa ya zauna da garke a gonar babanmu kowane rani don taki, shi ma ya gada, matarsa Daso kuwa ita ke kawo wa mahaifiyarku Saude nono da man shanu. Dogo ne, mai ƙarancin magana, in ka yi masa wasa murmushi kawai zai yi. Garkensa farare ne fat, ba ko ɗaya mai wani launi. Da na ce ina so in yi babban zane nasa da shanunsa, ya daɗe yana tonon ƙasa da sanda kafin ya amsa.

"Malam, in don kanka ne, ka yi. Amma kada ka kai su inda ido ya yi yawa. Dukiya ba ta son baki."

Na ce haba, ai ko ƙofar zaure ba zai fita ba. Har rantsuwa na yi, alhali ba wanda ya ce in rantse.

Rani guda na yi a kan allon nan. Na ba sama rabonta yadda na koya, na sa gawo a hagu, duwatsu can nesa, Yero tsaye da malfarsa da sanda a kafaɗa, duk wanda ya san shi zai gane shi daga nesa. Amma in na ja da baya na duba sai in ji wani abu ya rage. Fari, fari, fari, kamar an zubar da gari a tabarma. A littafin Holan kullum akwai wata ja ko baƙa a gaba wadda take riƙe ido. Sai na ɗauko littattafaina ina buɗawa, har na faɗo kan jar saniyar wani manomi a Zakka mai suna Tanko. Kyakkyawa ce, ƙahonta na dama ya lanƙwaso ƙasa, da farin tabo a goshi, kunnen hagu a tsage. Na ɗauke ta ɗungurungum na dasa a gaban garken, dab da ƙafar Yero, ban rage mata ko tabo ɗaya ba. Zanen ya tashi. Wallahi ya tashi, har yau ba zan ce bai yi kyau ba, kuma abin da ya fi ƙona mani rai ke nan. Saude ta shigo da abinci ta tsaya tana kallo, ta ce ita dai a saninta Yero ba shi da jar saniya. Na ce ta tsaya a kan abin da ta sani, wannan ilimi ne, haka manyan masu zane na Holan suke yi, a ɗauko nan a ɗauko can. Ta ajiye kwano.

"To, Allah ya sa mai ita ya yi karatun."

Na yi tsaki na ci abincina.

Watanni allon yana jingine a ɗakina, alkawari yana nan. Amma mai zane da yabo kamar akuya ce da dusa. Danjuma mai shayi na tasha ya biyo ni gida wata rana karɓar allon rumfarsa, ya hango zanen, ya riƙe baki. Ya ce zunubi ne a bar wannan abu a ɗaki gizo-gizo yana yi masa saƙa, in ba shi aro na sati biyu kawai ya rataya. Na ce a'a sau ɗaya, a'ar da ba ta kai zuci ba. Washegari da hannuna na buga ƙusar. Kullum da safe kafin in wuce Safana sai in zauna can ƙarshen benci da kofina, ina yi kamar ban ji ba, direbobi suna cewa kamar saniyar za ta yi kuka. Ban tuna da Yero ba. Ƙarya nake, na tuna, na ce wa kaina ai shi ba ya zaman shan shayi a tasha.

Shekarar nan ce satar shanu ta fara zama abin da kuka sani. Da can a saci ɗaya a yi cigiya, yanzu sai a kwance turke gaba ɗaya. Zukata sun yi zafi, matasa sun kafa 'yan sa-kai a ƙauyuka, duk Bafulatanin da ya ratsa kasuwa sai idanu su bi shi. Abin da ban sani ba, kwana goma kafin in buga ƙusar nan an shiga gidan Tanko an kwance shanun huɗarsa biyu da jar saniyar, ga damina ta kama, gona tana jiran garma. Bawan Allah ya bi kasuwanni a ƙafa yana leƙa inda ake sayar da shanu. Ranar kasuwar Batsari ya gaji, ya zauna a rumfar Danjuma ya ce a haɗa masa shayi, ya ɗaga kai. Ban taɓa jin haushin Tanko ba, ku ma kada ku ji. Mutum ya ga saniyarsa, da ƙahonta da tabonta da tsagar da ya yi mata da wuƙarsa, a gaban garken wani, mai garken kuma yana tsaye a kanta. Me kuke so ya ce? Kafin shayin ya huce an cika rumfar. Wani ya ce ai wannan Yero ne na gindin dutse. Wani ya ce Malam Sule ba ya zana abin da bai gani ba, kowa ya sani, har ƙuda yake sawa. Aka ce gani ya kori ji. Aka ɗauki hoton allon a waya, kafin azahar ya kai ƙauyukan da ni ban taɓa zuwa ba.

Ranar ban je Safana ba, ina gida ina haɗa fenti. Yaya Lawal, wanda yake aikin ofis kuma kullum shi ke fara jin labarin gari, ya shigo da mashin har tsakar gida. Da ya gaya mani na miƙe ina neman takalmi. Wannan kam na yi, ba zan rage wa kaina ba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tare.

"Ina za ka? Za ka je ka gaya masu kai ne mai yawo ƙauye-ƙauye da littafi kana ɗaukar kamannin shanun mutane? Ka zana ta, an sace ta. Sule, me ake kiran mai wannan aikin yanzu?"

Na san sunan. Infoma, mai nuna wa ɓarayi gidan da dukiya take. A watannin nan wanda aka liƙa wa wannan suna ba ya kaiwa gaban alƙali. Lawal ya ce in bari ƙura ta lafa, za su je rugar ba za su ga jar saniya ba, su sake shi, shi ke nan. Ya ce in tuna ina da 'ya'ya biyar. Na zauna. Ba wanda ya danne ni, ba wanda ya ɗaure ni, ni na zauna da kaina. Ya tura mashina ɗakin ajiya ya rufe da buhuna, ya tare ku a hanyar makaranta ya kai ku gidan kakarku ya ce maku Baba ya yi tafiya, ya dawo ya shimfiɗa tabarma a zaure. Duk wanda ya zo nemana, kuma sun zo, sai ya ce an kira ni Katsina kan aikin makaranta tun asuba, wayata kuma ba ta shiga. To ga tafiyar da kuke ba mutane labari. Daga tsakar gida zuwa ƙuryar ɗakin uwarku, iyakarta ke nan.

Kwana uku na yi a ɗakin nan, ƙato da ni, ina zaune bayan labule ina jin labari yana shigowa ta bakin matan maƙwabta. Ranar farko sun je rugar, ba su ga jar saniya ba, suka ce ai ya sayar, suka ɗaure shi suka kai ƙofar gidan mai unguwar yankin. Lawal ya ce gobe za a sake shi. Rana ta biyu aka ce ana dukansa ya faɗi inda ya kai ta, an kuma koro garken zuwa ƙauye wai ajiya. Nan ne mutanen kirki, masu sallah a sahun gaba, suka fara zuwa suna zagaya farar saniya suna cewa wannan ta yi kama da tawa da ta ɓata bara. Tir da wannan hali. Waɗanda aka yi wa sata na gane zafinsu, amma waɗannan ba abin da aka sace masu, ganima suka gani. Na san wasunsu da suna, har yau in muka haɗu a jana'iza hannu biyu suke ba ni. Lawal ya shigo da rana ya ce littattafan nan huɗu su ne igiyar wuyana, a ƙone su yanzu. Na tattara na miƙa wa Saude na ce ta sa a murhu. Ta karɓa ta nufi kicin. Da na ga hayaƙi ya tashi daga kicin na ji sanyi a raina. Ku ji da kyau, sanyi na ji, alhali ana can ana karya hannun mutum saboda ni.

Rana ta uku aka cinna wa bukkokin rugar wuta. Da la'asar Daso ta shigo gidanmu. Na leƙa ta gefen labule, ba ƙwarya a kanta, ba takalmi a ƙafarta. Ta zauna a ƙasa kusa da turmi, taku biyar daga inda nake, ta tambayi Saude yaushe Malam zai dawo, ko akwai wata lambar da za a same shi. Saude ta ba ta ruwa. Na riƙe numfashi kamar ɓarawo a rumbu, ina addu'a matata ta yi mani ƙarya. Ba ta yi ba, ba ta kuma tona ni ba, kuka kawai ta fashe da shi, har Daso ce ta koma tana ba ta haƙuri. Daren nan Saude ko kallona ba ta yi ba. Ta ajiye tuwo, ta dawo ta ɗauke kwano.

Da safiyar rana ta huɗu ta ɗaga labule sanye da hijabinta na fita, da littafi a hannu. Littafina ne, wanda shanun Zakka suke ciki. Ashe tsofaffin littattafanku na makaranta ta ƙona, nawa ta tura bayan buhun gero.

"Malam, ga shi. Ko ka kai, ko in kai. In ni na kai za su tambaye ni inda kake, kuma zan faɗa."

Na zage ta. Ban taɓa gaya wa kowa ba, na yi mata zagin da ban taɓa yi mata ba. Na ce so take ta mai da ku marayu, na ce ta ci amanata, ni da na ci amanar mutum ni nake kiran amana. Ta sunkuya tana sa takalmi. Da na ga da gaske take sai na fizge littafin. Kada wani ya kira wannan jarumta. Kunyar a ce mace ta fita ta bar mijinta a bayan labule ita ta fi ƙarfin tsorona, ba tausayin Yero ba. Lawal ya biyo ni har waje yana cewa na kashe kaina, da ya ga ba zan tsaya ba sai ya ce to aƙalla in ce yanzu na sauko daga mota.

Na tarar da Yero ɗaure a gindin wata tsamiya, fuska a kumbure, hannun dama yana lilo yadda hannu ba ya yi. Na gai da mai unguwa, dattijo ne da abin ya fi ƙarfinsa, na ce a kira mani Tanko. Na buɗe shafin na miƙa masa. Ga jar saniya a turkenta, bayanta ga rumbu mai faci a gefe, ga turmin matarsa a kife. Na ce masa a gidanka na zana ta bara, ranar da ka ba ni gyaɗa, Yero bai taɓa ganinta ba, ni na ɗauke ta na saka a garkensa. Wani ya tambaya don me. Na ce don zanen ya yi kyau. Ban taɓa jin maganar da ta kai wannan wauta a bakina ba, ga mutum a gabana an karya shi. Tanko ya daɗe yana kallon takardar.

"Wannan rumbuna ne," in ji shi. "Ni na yi facin nan."

Ya ajiye littafin, ya je da kansa ya kwance igiyar, yana kwancewa yana hawaye. Shi kaɗai ne a wurin ya nemi gafarar Yero. Sauran kuwa, da yake dole fushi ya sami inda zai sauka, sai suka juyo kaina. Littafin ya shiga hannu-hannu, wannan ya ga sansa, wancan ya ga karsanarsa, sunan nan da Lawal ya ji mani tsoro ya fito. Na sha mari biyu da sanda ɗaya a kafaɗa kafin mai unguwa ya tura ni zaure, Tanko ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a bi ta kansa. Mari biyu da sanda ɗaya. Ku auna da kwana uku na Yero, sa'an nan ku gaya mani wanda ya sha wuya.

Sauran kun sani, ko in ce kun san yadda aka gyara maku shi. An fasa shagon, an farfasa allon, ba wanda ya ƙara kawo mani aiki, a masallaci sai a bar gurbi tsakanina da na kusa da ni. Na nemi canjin wurin aiki muka tattara zuwa Katsina. Lawal ya ci gaba da ba da labarin tafiyata don ya tsare kansa, ni na bar shi don labarin ya yi mani kyau, Saude ta yi shiru don ta rufa mani asiri a gabanku. Shekara da shekaru kuna kallonta a matsayin matar gwarzo, tana wanke maku kaya, ba ta taɓa cewa uffan ba. Wannan ma in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Jar saniyar ba a sake ganinta ba. Littafin Holan yana nan a akwatina, wani lokaci nakan buɗe in kalli shanun nan kwance cikin ciyawa, ba mai cigiya, ba makiyayi mai waiwaye, in ji kamar in yaga shi. Amma me suka yi mani? Sun yi wa mutanensu zane a ƙasarsu. Ni ne na ɗauko dabarar wasu na kawo inda kowace saniya take da mai ita da shaidunsa, kuma sai da aka gargaɗe ni sau biyu, Bafulatani ya faɗa, matata ta faɗa. Tun daga nan ban sake zana dabba ba.

Kafin mu tashi na je wurin Yero, sati uku da sake shi. Inda rugar take toka ce da guntayen itace. An mayar masa da garken amma ba duka ba, waɗanda aka ce sun yi kama da na wasu sun tafi ke nan. Suna ɗaura kaya a kan jakuna, za su yi kudu, bai ce ina ba, ni ma ban tambaya ba. Hannun yana cikin ɗori, daga baya na ji bai ƙara miƙewa ba, makiyayi da ba ya iya riƙe igiyar maraƙi. Na tafi da shirin ya zage ni, wallahi so nake ya zage ni ko na sami sauƙi. Sai ya sa aka shimfiɗa mani buzu. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya yi mani jajen shagona. Shi yake yi mani jaje. Na fara ba shi haƙuri kan zanen, ya ɗaga hannun mai lafiya ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Can sai ya dube ni.

"Malam, yaushe labarin ya iske ka?"

Ga dama Allah ya ba ni. Daso tana tsaye gefe da tabarma a naɗe tana saurare. Na buɗe baki na ce ai ina Katsina, ban ji ba sai ranar da aka ƙone rugar, gari na wayewa na taho. Ya gyaɗa kai a hankali, fuskarsa ta saki, ya juya wajen matarsa.

"Kin ji ko? Ai na gaya maki. Da Malam yana gari ba zan kwana a igiya ba."

Ya kama hannuna da hagunsa ya yi mani godiya, ni kuma na karɓa. Na ce masa ba komai, yi wa kai ne.

Na ji ya rasu can kudu, da wannan magana tawa a ransa. Ban san inda 'ya'yansa suke ba, kuma ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu. Ku kuna yawo, kuna haɗuwa da mutane. In Allah ya haɗa ɗayanku da wani daga zuriyar Yero na gindin dutse, ya fara yi maku godiya, ku dakatar da shi. Ku gaya masa Malam yana gari.